Zoben da Ya Gaza da Ɗani Ɗaya

Asabar, bayan magariba

Da sunan Allah. Mai wannan kaye, wato littafin rubutun nan, shi ne Babban Injiniya Alhaji Nasiru Sarkin Awo, wanda ya auna filayen wasa tun daga Yamai har Jidda, wanda mitarsa ba ta taɓa ƙarya ba. An turo ni Madarumfa in binciki abin da ya sami ƴan matan kwaleji masu wasan basket, ƙwallon kwando. Wanda ya tsinci kayen nan ya ga ajami kada ya yi mamaki. Mu manyan injiniyoyi haka muke ɓoye sirri.

Ga abin da ya faru. Wasa huɗu suka yi a filinsu na gida, huɗu suka ci: ƴan Gabi sau biyu, ƴan Ɗan Isa sau biyu. Yau aka kai su Maraɗi karon farko. Aka zuba musu arba'in da huɗu, su goma sha uku.

Ba gudu aka fi su ba, na rantse. Larai, doguwar nan ɗiyar masu lambu, ta tsaya ƙarƙashin zobe kamar giginya, ba mai wuce ta. Ƙwace ƙwallo kuwa sun yi shi har ƴan Maraɗi suna zagin nasu. Amma duk wadda ta jefa, sai ƙwallon ya daki leɓen zobe na gaba ya dawo. Ƙwang. Ƙwang. Har yanzu ƙarar na kunnena.

A hanyar dawowa ban tsokani kowa ba. Direba har ya tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Lahadi, da hantsi

Cikin bincikena sunan wani yaro ya fito: Sama'ila, mai koyon walda wurin Maigida Kabiru a bakin tasha. Shi ya haɗa ƙarafan filin da alluna da zobban nan biyu farkon shekarar lakwal, wato makarantar boko, lokacin da Madam Bushira, malamar wasanni, ta kafa ƙungiyar. Ban san shi sosai ba. An ce shi ne ya taɓa sa kwaɗo a butar mai gadi, shi ne kuma ya liƙe takalman masu shayi da ƙasan benci. Yaro ne mai basira dai.

Yana da ƙanwa cikin ƙungiyar, Fiddausi, mai lamba huɗu. Ita ce mafi gajarta. Guntuwa yake ce mata tun tana rarrafe. A gida ita ta fi kowa jefawa cikin zobe. Jiya sau goma sha ɗaya ta jefa, ko ɗaya bai shiga ba.

Yau da safe Innarmu, wato innarsu, ta ajiye mata kunu ya huce ba ta taɓa ba.

Litinin, bayan azahar

Darakta ya tara su ƙarƙashin dogon yaro. Ni ina bayan katanga ina aikin bincike. Bai yi faɗa ba. Ya ce aji ɗaya yara sun haura tamanin, ba wurin kafa sabbin ajin zana sai filin nan. Ya ce ya haƙura da wurin ne don ana ci. Wasa ɗaya ya rage musu a Maraɗi, nan da mako uku. In suka ci, fili nasu ne. In aka ci su, a tumbuke ƙarafa, ƙungiya ta watse.

Madam Bushira ta ce, "Mun ji, Mushe Darakta." Da ya juya ta tafa hannu sau biyu ta ce, "To, mi kuke jira? Zagaye goma!" Kuma suka yi. Cikin ranar nan da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Uku daga cikinsu ba takalmin wasa, da silifas suke gudu, sun ɗaure shi da tsumma.

Talata, da la'asar

Ɗani ɗaya. Daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya, in an buɗe hannu. Ɗan abu ne fa.

Laraba, da walaha

A ce wani yaro, ba Sama'ila ba, wani dai. A ce Madam ta ba shi awo a takarda: daga ƙasa zuwa zobe mita uku da santi biyar. A ce ranar ƙanwarsa ta cika gida da cewa za ta shiga ƙungiya, shi kuma ya ce mata ko kan turmi ta hau ba za ta kai ba. Sai wani tunani ya zo masa. Bari in sauke zobban duka biyu da ɗani ɗaya. Ta yi ta jefawa tana shiga, ta yi ta cika baki kwana bakwai, rana ta takwas in fito da mita gaban ƙawayenta a sha dariya.

A ce ranar zaɓe yara talatin suka zo, goma ake so. Ta jefa biyar, huɗu suka shiga. Ta dawo gida da mayo, rigar wasa mai lamba huɗu, ta kwana da shi a jiki, da safe ta ce masa, "Yaya, hannunka na da albarka, zobenka na so na."

To wa zai fito da mita bayan wannan?

Ya ce gobe. Goben ta kai wata biyar.

Ni dai misali nake bayarwa.

Alhamis, rana tsaka

Injiniya na gaske ba ya surutu, gyara yake. Allon da zoben ke jiki noti huɗu ke riƙe da shi a ƙarfe. A kwance, a ɗaga, a ɗaure. In aka ɗaga shi gaba ɗaya kowa zai gani. Amma in yatsa biyu ne yau, yatsa biyu bayan kwana uku, kafin ranar Maraɗi ya kai inda ya kamata, hannunsu ya saba, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Mai gadi na barci ƙarƙashin dogon yaro. Na ari tsanin shago da kile na kwance noti. Allon nan nauyin jaki gare shi, ya kusa cire mini kafaɗa. An gama.

Kai, wani lokacin basirata har tsoro take ba ni.

Juma'a, bayan la'asar

Na je kallon atisaye. Larai tun asuba take ban ruwan albasa da bokiti biyu, ta je lakwal, ta zo nan, kuma ita ke cewa a ƙara zagaye. Madam na da jariri, a bayanta yake tana busa usur, shi ma ya saba, in an busa sai ya ɗaga kai. Ƙwallo biyu gare su duk duniya, ɗaya ma ya yi ƙulu a gefe, in aka buga shi ƙasa sai ya nufi Gabi. Ba na jin ƴan Maraɗi sun taɓa ganin irinsa.

Jifa dai ta ɗan ragu. Kaɗan. Za su saba.

Lahadi, rana tsaka

Yatsa biyu.

Litinin, da yamma

Fiddausi ta jefa ashirin, shida suka shiga. Da sha biyar take sawa. Ta tsaya tana kallon hannunta, gaba da baya, kamar na aro ne.

Wata cikinsu ta ce a Maraɗi aka yi musu baki. Wata ta ce mutanen ɓoye na tabkin Madarumfa ne ba sa son ƙarar ƙwallo. Larai ta ce, "Ni dai zoben ga kamar tsawo yake ƙarawa." Aka kwashe da dariya, aka ce yunwa ce. Ni ma na yi dariya. Na fi kowa ma.

Madam ba ta yi ba. Ta ce laifinta ne, ita ce ba ta iya koyarwa ba. Gaban yara ta faɗa.

Talata, rana tsaka

Yatsa biyu. Kile ya faɗo sau biyu.

Za su saba.

Laraba, bayan magariba

Na dawo daga shago na tarar da ita a tsakar gida ta wanke mayon, ta ninke shi ta sa a leda. Na ce, "Guntuwa, lefe ake haɗawa?" Ba ta harare ni ba. Da ta harare ni da na ji sauƙi.

Ta ce, "Yaya, kai ka yi gaskiya tun farko. Da ma sa'a ce, kuma ta ƙare. Yanzu ko a filinmu ba ya shiga. Gobe ka kai wa Madam, ta ba mai tsawo. Kada a tumbuke fili saboda ni."

Inna na tsince zogale ta ce, "Kai ɗan nan, yau bakinka ya mutu? Ba ka ce mata komi?"

Na nemi abin dariya ko ɗaya a cikina, babu. Garin neman gira na tsokane ido. Da can Maraɗi kawai suke tsoro. Yanzu na sa suna tsoron hannunsu.

Wato Sama'ila ya sa.

Akwai karatun da Malam ya yi mana a makarantar allo a kan masu tauye mudu. Na wanke shi na sha, na ɗauka da ƴan kasuwar hatsi ake.

Alhamis, bayan la'asar

Ban kai mayon ba. Na ce mata in tana so a mayar ta zo ta miƙa da hannunta. Ta biyo ni tana ƙunƙuni. Na ɗauki tsani da mitar Maigida.

Suna cikin atisaye na kafa tsani. Na ce wa Larai ta taka bakin mita a ƙasa. Na ja har zobe na ce Madam ta karanta, don ni lambobin boko sai a hankali. Ta karanta. Ta sake karantawa.

Na faɗa musu duka daga kan tsani, don na ga nan ya fi tsaro. Ɗanin. Dariyar da na shirya. Yatsu bibbiyu na ranakun nan.

Larai ce ta fara magana. "Ban ce ba? Ban ce tsawo yake ƙarawa ba? Kuka ce yunwa!" Ta kama ƙafar tsani ta girgiza. Na yi salati da ƙarfi.

Madam ta ce a saki tsanin in sauko. Ta ce, "Sama'ila, idona ya sha gaya mini zoben nan ya yi ƙasa. Na ƙaryata idona, don kai ne mai mita a hannu." Gara ta mare ni.

Sai ta juya wurinsu, fuskarta ta canza. "Kun ji ko? Ba baki ba ne, ba aljani ba ne, ba hannunku ba ne. Ƙarfe ne. Ƙarfe kuwa ana gyara shi. Kwana tara gare mu."

Fiddausi ba ta motsa ba, leda na hannunta. Ta ce, "Ranar zaɓe ma haka yake?"

Na ce haka yake.

"Ke nan da a kan na gaskiya ne, da ba a ɗauke ni ba."

Na ce ban sani ba. Kuma wallahi ban sani ba. Ta wuce gida ba ta waiwayo ba.

Juma'a, da hantsi

Maigida Kabiru ya zo da kansa muka ɗaga zobban. Ya auna sau uku. Bai zage ni ba sai da muka koma shago ya rufe ƙofa. Ba zan rubuta ba, kayen nan da sunan Allah ya fara. Ƙarshe dai ya ce mai walda in ya yi ƙarya da baki a yafe masa, in ya yi da mita ƙofar wani ce za ta faɗo kan ɗansa.

Madam ta je ta gaya wa Darakta. Ta buga wa malaman Gabi da Ɗan Isa waya ta gaya musu su ma, ta ce in suna so a sake wasannin. Ba wanda ya sa ta. Na Gabi ya ce ai zobe ɗaya kowa ya jefa, a bar shi. Darakta ya ce maganarsa na nan yadda take.

Asabar, bayan asuba

Hukuncina ya fito. Kullum bayan asuba da bayan la'asar zan tsaya ƙarƙashin zobe ina tsinto ƙwallo ina miƙawa. Kowace yarinya jifa ɗari. Larai ta ce in ƙwallo ya faɗo mini a ka kada in kauce, yana cikin hukunci.

Su tara suka zo.

Lahadi, bayan asuba

Tara.

Litinin, bayan asuba

Muna cikin yi na ji an ce "Matsa." Na waiga. Lamba huɗu. Ba ni ta kalla ba, zoben ta kalla, kamar ita da shi suna da tsohuwar shari'a.

Ta jefa ɗari. Goma sha tara suka shiga. Ta ce a sake.

A gida in tana son gishiri kuma yana gabana, sai ta ce, "Inna, ki ce wa ɗanki ya miƙo."

Laraba, da yamma

Abin da na gani yau sai na rubuta. Madam ta ce mata ƙarfin hannunta ba zai kai ba, da gwiwa za ta jefa. Ta durƙusa ƙasa sosai, ta miƙe, ƙwallon ya tashi sama kamar zai je gaida shirwa, sannan ya faɗo ta tsakiya. Sauran duk miƙaƙƙiyar jifa suke. Ita tata baka ce.

Yatsunta biyu sun tsage. Ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Arba'in da ɗaya yau.

Wata biyar na sa hannuwan nan suka koyi ƙarya, su kuma suna kankare ta cikin kwana tara, ba mai kuka. Ni kafaɗata kawai ke ciwo ina ta raki.

Ƙwallon ƙulu ya same ni a hanci. Larai ta ce kuskure ne. Ta faɗa tun kafin ya iso.

Juma'a, bayan sallah

Gobe. Na roƙi Allah abu ɗaya, ban sa kaina a ciki ba. Wannan ne karon farko.

Asabar, da magariba

Kafin a fara na shiga filin Maraɗi da mita na auna zobensu. Alƙalin wasa ya ce wane ne wannan. Madam ta ce, "Ƙyale shi, yana da dalili." Mita uku da santi biyar cif.

Ƴan Maraɗi sun fi su tsawo, sun fi su takalma. Aka je hutu suna gabanmu da tara. Amma ba ƙwang ɗin nan. Yana shiga, ba kullum ba, amma yana shiga. Larai ta zuba goma sha huɗu ita kaɗai, leɓenta ya fashe ta haɗiye jinin don kada a fitar da ita. Darakta ya zo a babur ɗinsa ya tsaya nesa ya harɗe hannu. Can na gan shi ya cire hula yana dukan gwiwarsa da ita.

Fiddausi ta sa biyu, ta ɓarar da biyar. Amma ƙwace! Ta ƙarƙashin hammatarsu take bi. Wata doguwa ta juya neman ƙwallo ta tarar an kai shi wancan gefen.

Saura ƙiftawa a tashi, talatin da talatin, aka bangaje ta ta faɗi. Alƙali ya ba ta jifa biyu, ita kaɗai a kan layi.

Ta farko: ƙwang. Leɓen gaba. Na tsuguna.

Ta goge hannu a mayo. Ta durƙusa har na ce zama za ta yi. Ƙwallon ya tashi, ya tashi, ya daɗe a sama har na tuba daga abubuwan da ban ma yi ba tukuna.

Ko zoben bai taɓa ba.

Talatin da ɗaya. Usur. Kowa ya ruga, jaririn Madam na tsala ihu, Larai ta ɗaga Madam da jaririn gaba ɗaya. Ita kuwa ba ta ruga ba. Ta juyo ta neme ni cikin mutane har ta same ni. Ta ɗaga hannun nan mai tsumma, ta buɗe babban yatsa da na tsakiya, ɗani ɗaya, ta nuna mini. Sannan ta rufe shi a hankali.

Ƙura ce ta shiga idona. Filin nasu siminti ne, amma ƙura ce.

Lahadi, da hantsi

Darakta ya ce ajin zana a kafa su bayan ofis, a matsa. Ƙarafa na nan.

Da safe na tarar da ita zaune a kan turmi da kayen nan a hannu. Na manta ta yi allo kafin lakwal. Ta karanta wa Inna shafin farko da murya irin ta rediyo, Inna na dariya har da tari. Ta ce, "Yaya, wane ne Alhaji Nasiru Sarkin Awo? Jidda? Kai da ko Tasawa ba ka taɓa zuwa ba?"

Yaya ta ce. Kwana goma ban ji shi ba.

Ta ce ba za ta ba ni ba sai na yi alkawarin gyara shi, don ta gaji da abin da aka auna ba daidai ba a gidan nan.

To ga gyara. Babu wani injiniya, ba a turo kowa ba. Wanda ya rubuta wannan tun daga farko shi ne Sama'ila mai koyon walda, ɗan Inna mai kifi, wanda karatunsa allo ne, wanda ya sauke zobe da ɗani ɗaya don ya yi wa ƙanwarsa dariya. Ni ne. Ranar da ta tambaye ni ko da an ɗauke ta a kan na gaskiya, na ce ban sani ba. Ranar zaɓe dai har gobe ban sani ba. Jiya kuwa ni na auna zoben da hannuna.

Na ce mata daga yau na daina ce mata Guntuwa. Ta ce kada in soma, sunanta ne, ta biya shi.